Wa ya zuba wa man gidan kaca ruwa?

Ƙarshen watan Nuwamba ne, shekaru uku da suka wuce. Dusar ƙanƙara ta fara sauka amma ba ta kwanta ba tukuna, na ce bari in yi amfani da wannan ɗan tsakani in shirya babur ɗina na kan ƙanƙara. Na yaye tamfol ɗin da na lulluɓe shi da shi tun Afrilu, na tura wata tsohuwar roba ƙarƙashinsa, na kwance notin da ake zubar da man gidan kaca, wato akwatin da kacar babur ke gudu a cikinsa. Abin da ya fara fitowa ruwa ne garai-garai, ya kai babban cokali biyu. Bayansa sai wani abu mai kauri, fari-fari, ya biyo a hankali, kai ka ce madara aka kaɗa a cikin man. Na ɗaga notin na duba maganaɗisun da ke bakinsa. Na saba ganin baƙin garin ƙarfe mai laushi a wurin, wanda ba ya tayar wa kowa hankali. Ranar kuwa jan tsatsa na gani.

Na daɗe a tsugune ina kallon robar nan. Wata bakwai babur yana ajiye a rufe, ko ɗigon ruwan sama bai taɓa shi ba. To daga ina?

Ga wanda bai taɓa leƙa cikin irin wannan babur ba, bari in ɗan nuna masa hanyar da ƙarfi ke bi. Inji yana juya kuloci na farko, wato faifai biyu masu siffar mazurari da ke matse bel a tsakaninsu. Bel ya ɗauki ƙarfin ya kai wa kuloci na biyu. Babu giyar da mutum ke sakawa da hannu ko da ƙafa: gudun inji na ƙaruwa, faifan gaba na matsowa suna tura bel sama, na baya na buɗewa bel yana nutsewa a tsakaninsu. Daga kuloci na biyu wata sandar ƙarfe ta ratsa zuwa ɗaya gefen babur ta shiga gidan kaca. A ciki akwai ƙaramin faifai mai haƙora a sama, babba a ƙasa, da kaca mai faɗi da ta haɗa su. Ba irin kacar keke ba ce, ƙananan farantan ƙarfe ne aka jera gefe da gefe har suka yi faɗin yatsu biyu. Faifan ƙasa shi ke juya sanda ta biyu, ita kuma ta ja ƙafar robar nan mai tudu-tudu da ke taka dusa, irin ta katafila. Duk ƙarfin injin da ke juyawa kusan sau 8,000 a minti ta cikin wannan ɗan akwati yake bi, kuma man da ke cikinsa, a nawa dai, kwatan lita ne kacal. Cokali biyu na ruwa a cikin kwatan lita ya haura kashi 10 cikin 100.

Da yake na taso da jin cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsaga na shiga nema. Na cire murfin gidan kacar gaba ɗaya. Na canza robar da ke zagaye bakin murfin, na canza sil ɗin sandar sama da na ta ƙasa, wato zobban robar da ke hana mai fita ta bakin sanda, ko da yake ban ga aibu a jikin ko ɗaya ba. Boris ɗin ƙasa kuwa da na juya shi da yatsa sai na ji yana ƙaras-ƙaras kamar an zuba masa yashi, shi ma na fitar da shi. Kacar ta yi ɗigo-ɗigon tsatsa a ɓangaren da ya kwana a ƙasa, amma da na wanke ta na lanƙwasa ta gaɓa-gaɓa ban ji inda ta ƙage ba, na mayar da ita. Asabar biyu aikin ya ci mini. Na zuba sabon mai, na rufe, ina ji da kaina.

Tsakiyar Janairu na zaro sandar awon mai don in duba. Ga farin kumfa nan a bakinta.

Ina tsaye da sandar a hannu, raina a ɓace, sai ga dattijon maƙwabcina ya leƙo. Mutumin nan tun kafin a haife ni yake hawan waɗannan baburan, kuma ba shi da yawan magana. Na nuna masa, na lissafa masa duk abin da na canza. Bai ko kalli sil ɗin ba. Tambayata ya yi ina nake zuwa da babur ɗin. Na ce, Baba, ai ba nisa, daga nan zuwa bakin tafki in dawo, wani lokaci in jawo itace daga bayan gida, minti goma ko sha biyar. Ya ce in na dawo ina nake ajiye shi. Na nuna masa garejin da muke tsaye a ciki, mai na'urar ɗumama ɗaki. Ya yi murmushi ya ce, ɗana, ba tsaga gare shi ba, numfashi yake yi.

Wannan kalma ta numfashi ita ta warware mini komai, kuma ita ce dalilin wannan rubutu.

Gidan kaca ba a rufe yake ruf ba, kuma ba zai yiwu a rufe shi ruf ba. Kaca na gudu, mai na ɗumama, iskar da ke sama da man tana faɗaɗa. In ba ta sami mafita ba, sai ta tura man ta bakin sil. Saboda haka masu ƙera shi suka bar masa ɗan hanci, wata ƙaramar kafa a sama, a wasu a jikin murfin zuba mai, a wasu da ɗan siririn tiyo. Iska na fita ta nan in ya yi zafi. In ka kashe inji ya huce, iskar ciki ta tsuke, sai ya jawo ta waje. To wace iska ce a wajen? Ƙarƙashin murfin babur ɗin da ya dawo daga tafiya cike yake da dusar da ta shiga ta narke a jikin salansa da inji, wurin duk tururi ne. Wannan tururi yake shaƙa. Ƙarfen akwatin yana yin sanyi, tururin ya zama raɓa a bangon ciki, kamar yadda kofin ruwan sanyi ke yin gumi a ɗaki mai ɗumi, ya gangaro cikin mai. Ɗigo ɗaya ne ko biyu a kowace fita. Amma ni kullum sai na fita, wani lokaci sau biyu.

Da doguwar tafiya nake yi, awa biyu ko uku, da man ya ɗauki zafi sosai har wani ɓangare na laimar ya koma tururi ya fita ta inda ya shigo. Minti goma kuwa ya isa ya sa akwatin ya yi numfashi, amma bai isa ya busar da abin da ya shaƙa ba. Gareji mai ɗumi da nake alfahari da shi ya ƙara dagula lissafi. In na shigo da babur bayan ya daɗe a waje a kashe, ƙarfensa ya yi sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, na tura shi cikin iska mai ɗumi da laima, duk jikinsa sai ya jiƙe sharkaf, ciki da waje. Mai sa tabarau ya san abin da ke faruwa in ya shigo ɗaki daga sanyi. Abin da nake ɗauka gata ne nake yi wa babur, ashe shayar da shi ruwa nake yi.

Ba wai ruwa ba ya shiga ta wata hanya ba. Yana shiga. Wanda ya ratsa caɓin da ke taruwa a saman tafki, inda ruwa ya kwanta tsakanin ƙanƙara da dusa, sandar ƙasa tana iya nutsewa, kuma akwati mai zafi da ya faɗa ruwan sanyi yakan tsotsa ta bakin sil ɗin da ya tsufa. Wanda ya wanke babur da injin feshin ruwa mai ƙarfi ya auna hancin nan ko bakin sil, shi da hannunsa ya ɗura. Ɗan zoben robar da ke wuyan sandar awon mai ma yakan bushe ya tsage, ba wanda ke tuna shi. Yadda nake bambancewa yanzu shi ne: sil ɗin da zai bar ruwa ya shiga, galibi zai bar mai ya fita. In na ga laimar mai a ƙasan akwatin, ko ɗigo a kan kwalin da nake shimfiɗawa a ƙarƙashi, ko awo ya ragu, to akwai tsaga. In waje a bushe yake ƙayau, awo bai ragu ba ko ma ya ɗan ƙaru, mai kuma ya yi fari a hankali cikin makonni, numfashi ne. Da na san wannan a Nuwamban nan, da sil biyu masu lafiya ba su tafi kwandon shara ba.

Idan ina shakkar ko akwai ruwa a man da bai riga ya yi fari ba, akwai gwaji mai sauƙi. In ɗumama wani tsohon faranti na ƙarfe ya wuce zafin tafasar ruwa, in ɗiga man a kai daga nesa. Mai tsantsa zai bazu shiru. Mai ruwa a ciki zai yi ƙara tas-tas yana tsalle. A kiyaye ido, don yana fallatsi.

Ɓarnar da ruwan ke yi iri biyu ce, kuma wadda ba a gani ta fi muni. Ta farko ta cikin hunturu ce. Ruwa ya fi mai nauyi, in babur ya kwana sai ya rabu ya kwanta a ƙasa, daidai inda babban faifai da boris ɗin ƙasa suke, ya daskare. Ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, kuma da safe ƙanƙara ce kaca za ta fara tauna kafin ta sami mai. Man da ya gauraya da ruwa kuma ba ya riƙe santsinsa tsakanin ƙarfe da ƙarfe in nauyi ya hau. Ta biyu ita ce ta lokacin ajiya, kuma ita ta ci mini boris. A cikin sanyi tsatsa ba ta sauri. Amma ka bar ruwan nan ya kwana wata shida ko bakwai cikin ɗumi, boris yana tsaye wuri guda, ƙwallayensa suna zaune a kan ɗigo ɗaya, to a nan tsatsa za ta haƙa ƙananan ramuka. In hunturu ya dawo, kowane juyi ƙwallo ya faɗa ramin, ramin ya ƙara faɗi. Boris da ya watse ko kaca da ta tsinke a guje tana iya fasa akwatin, tana iya kulle ƙafar babur nan take, mutum ya tsinci kansa a ƙasa a gaban babur ɗinsa. Ko da an tsira da lafiya, ana cikin daji ne, ga sanyi, ga rana mai saurin faɗuwa.

Kuskurena na asali ke nan, ba gareji ba, ba gajeriyar tafiya ba: lokacin canza mai. Ina canzawa duk shekara, ban taɓa tsallakewa ba, amma a farkon hunturu nake yi, da tunanin in fara da sabon mai. Ashe duk ruwan da ya taru cikin wata huɗu na hawa ina barinsa ya yi zaman bazara a ciki. Yanzu ranar da na yi hawan ƙarshe, ranar nake zubar da man, tun yana da ɗumi, ruwa da garin ƙarfe suna gauraye ba su kwanta ba. Sabon mai shi ke zaman ajiya. Kafin in rufe tamfol nakan ɗaga bayan babur in juya ƙafar na ɗan lokaci don man ya shafi kaca da boris ko'ina. Kuma da yake har yanzu gajerun tafiye-tafiyen nan ban daina ba, itace ba zai jawo kansa ba, nakan ƙara canji ɗaya a tsakiyar hunturu. Kwatan lita ne fa.

Shekara ɗaya nakan tsaya a kwance noti kawai, ta biyu in cire murfin gaba ɗaya, domin akwai laka mai toka-toka da ke zama a ƙasan akwatin wadda ba ta bin ramin noti. In share ta da tsumma marar zare, in duba haƙoran faifan, ko sun fara lanƙwasa kamar ƙugiya, in duba abin da ke tokare kaca ko ya ci. A kan maganaɗisu, gari mai laushi kamar kwalli ba komai ba ne. Ɓarɓashi mai ƙyalli da yatsa ke ji, wannan magana ce.

Ɗaurin kaca kuwa abu ne na minti biyar da mutane ke ɓatawa da sifana. In juya kuloci na biyu da hannu don sakin kacar ya taru a gefen abin tokarewa, in riƙe birki, in sassauta notin kulle, sannan in murɗa notin ɗaurin da yatsu kawai har ya tsaya, in dawo da shi baya kaɗan. Yawan wannan komawa baya ya bambanta daga babur zuwa babur, littafin da ya zo da naka shi ne alƙali. Wanda ya sa sifana ya matse, zai ji kaca tana kuka, kuma boris ne zai biya. Wanda ya bar ta sakwa-sakwa zai ji ƙwas duk lokacin da ya ja mai ko ya saki, wata rana kuma ta tsallake haƙori.

A kan irin man da za a zuba, na ji muhawara har na gaji. Wani ya rantse da man giyar mota, wani da jan man giya mai canza kanta. Ni dai wanda aka yi don gidan kaca nake saya, saboda an yi shi ne ya ci gaba da gudana a tsananin sanyi, inda man giya mai kauri ke zama kamar ƙaro. Abin da ba na wasa da shi shi ne awo. A kan shimfiɗaɗɗen wuri, daidai alama, ba ƙari. Na taɓa yin ƙari da sunan alheri, rarar ta fito ta hancin nan ta fesa gefen da faifan birki yake. Tun daga ranar nake kuma tabbatar da hancin a buɗe yake, don dusa takan toshe shi ta daskare.

Abin dariya, wasu baburan hawan tsaunuka na Polaris tun 2013 suka yar da kaca da mai gaba ɗaya, suka sa bel mai haƙora a wurin. Masu irinsu ba su san wannan ciwon kai ba, suna da nasu.

Tunda an buɗe gefen babur, ba a rufewa sai an gaisa da bel. Shi ne abin da ya fi saurin mutuwa a duk jerin. Nakan cire shi in juya cikinsa waje in nemi tsaga a tsakanin tudun, in duba gefensa ko zare ya fara fitowa, ko ya yi sheƙi kamar gilashi, ko akwai wurin da ya rame. Wurin da ya rame yawanci daga safiya ɗaya yake samuwa: ƙafar babur ta daskare ta manne da ƙasa, mutum ya ja mai, kuloci yana juyawa bel yana tsaye, ya ƙone wuri guda. Shi ya sa kafin in tashi nakan ɗaga bayan babur in sake shi ƙasa sau biyu uku, in girgiza takalman gaba, waɗanda babur ke zamewa a kansu, su rabu da ƙanƙara, in bar inji ya ɗumama. Faifan kuloci nakan goge baƙin robar da ta manne musu da soson goge ƙarfe marar kaifi, in share da sinadarin da ba ya barin maiƙo. Sabon bel a wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, a bar shi ya bushe, a sa shi ta fuskar da kibiyar jikinsa ta nuna, a yi kilomita 50 na farko ba tare da an matse mai duka ba. Na ajiya kuma kullum yana kan babur, da kayan canza shi. In an zo ajiyar bazara, bel ba ya kwana a kan kuloci, ina cire shi in kwantar da shi a wuri mai sanyi.

Abu biyu da ba na yi ko da wasa: tayar da inji bel a cire ko mayafin kuloci a buɗe, da tayar da shi a gareji ƙofa a rufe. Na farko kuloci yana iya wuce gudun da aka yi shi dominsa ya tarwatse. Na biyu hayaƙin yana ɗauke da iskar da ke kisa ba tare da an ji warinta ba.

Sauran na bi su da sauri. Boris ɗin da ke ɗaya ƙarshen sandunan biyu, can nesa da gidan kaca, ba su cikin mai, su ma ruwa na samunsu. In akwai bakin giris a ba su kaɗan, in babu a cire bel a juya da hannu a saurara. Ƙafar roba a duba ɗaurinta da daidaitonta hagu da dama, a duba robobin da take zamewa a kansu ko sun cinye zuwa alama, a juya ƙananan tayoyin ciki ɗaya bayan ɗaya. Tsohon man kuma a tara shi a galan a kai inda ake karɓa, ba a zubar a ƙasa inda narkakkiyar dusa za ta kwashe shi zuwa tafki.

Babur ɗin yanzu a rumfar waje yake kwana, cikin sanyi, sai in zan yi masa aiki nake shigo da shi gareji. Afrilun bana da na zubar da man, na tara shi a kwalba na ajiye a kan kanta kwana uku in ga abin da zai kwanta. Ya yi duhu, kuma a can ƙasa akwai ɗan siririn layi mai haske, bai kai rabin ƙaramin cokali ba. Na ɗauki kwalbar na tsallaka na nuna wa Baba. Ya ɗaga ta saitin taga, ya karkata ta, ya miƙo mini, ya ce in zo in taya shi riƙe birki, shi ma yau zai ɗaure tasa kacar.